Tabo a Huhun Masahudu

Masahudu ya shanye madara lita biyu kafin ya shiga ɗakin hoton ƙirji, don Nurudeen, abokin aikinsa a kicin ɗin wani gidan abinci a kasuwar Souq Waqif da ke ƙasar Larabawa, ya rantse masa madara tana wanke huhu. Magidanci mai 'ya'ya huɗu a Kumasi, da furfura a gemu, ya zauna ya gaskata wannan shirme. Tsoro ne ya mai da shi haka.

Wata biyar da suka wuce ciwon huhu ya kwantar da shi asibiti kwana goma sha tara, da robar iska a hanci. Ya tashi, amma har yanzu hawa bene yana tsayar da shi. Ga lokacin sabunta katin lafiya ya zo, kuma marar kati ba ya taɓa abincin mutane. Kowa a ɗakinsu yana da labarin wanda aka ga tabo a hotonsa, aka ce tarin fuka ne, aka sa shi a jirgi aka mayar da shi ƙasarsu.

"In sun tambaya, ba ka taɓa ciwo ba," in ji Nurudeen. "Ko mura. Khalas, shi ke nan."

Bayan kwana uku aka kira shi ya koma. Likitar, Dakta Mansuratu, Bazazzagiya ce. Ta juyo masa fuskar kwamfuta.

"Baba, ka ga farin nan a ƙasa? Ka taɓa kwanciya asibiti?"

"Ban taɓa ba."

Ga sanyin esi, amma rigarsa ta manne masa a baya.

"To, sabo ne ke nan. In kuwa sabo ne, dole in rubuta zargin tarin fuka."

Ta ɗora yatsu za ta fara rubutu. Numfashi ya sarƙe masa kamar ranar da aka kwashe shi zuwa asibiti.

"Na kwanta, Dakta! Wallahi na kwanta. Har madara na sha."

"Madara? Baba, ai ciki ta tafi, ba ta bi ta huhu ba."

Ta karɓi lambar katinsa, ta nemo tsohon hoton da aka ɗauka lokacin da ya kwanta, ta jera shi da sabon. Na da fari fat, kamar an cusa auduga. Na yanzu ɗan zare-zare ne kawai ya rage.

"Sawun ciwon da ya wuce ne, yana bajewa. Amma sai ka kawo kaki sau uku a gwada. Hoton da kake ɓoyewa shi ne mai shaidarka, ka kusa korar kanka da bakinka."

Kwana tara ya yi yana zabura duk sanda waya ta yi ƙara, har ya yanke ɗan yatsa wajen yanka albasa. Ran na goma katin ya fito.

"Ban faɗa maka ba?" in ji Nurudeen. "Madara!"

Masahudu ya ɗaura ƙyallen aikinsa. "Naka gwajin wata mai zuwa ne. Tarin nan da kake yi a bayan firji, ka faɗa musu, ko ni in faɗa."