Turaku a Gonar Kumai

Cikin rani ne wani mai awon ƙasa ya taso daga Kafanchan zuwa ƙauyen su Kumai, ya kakkafa fararen turaku a bakin hanya, ya koma abinsa. Bayan mako biyu majalisar gunduma ta ce nan za a yi tashar mota, don mai awo ya rubuta cewa filin banza ne, ba mai nomansa.

Filin nan kuwa gonar Kumai ce, irin cittarsa kaf yana kwance a ciki. Shi ba ya tone iri sai ruwa ya kusa. In ganye ya bushe sai ya lulluɓe wurin da ciyawa, ƙasa ta ajiye masa. Baƙo ya gani, cewa zai yi saura ce, gonar da aka daina nomawa. In an daɓe wurin, bana ba abin shukawa.

Sau uku yana zuwa wurin magatakardan majalisa. Na ukun, mutumin ko kai bai ɗaga ba.

"Baba, an riga an buga hatimi."

Da ya dawo gida ya ce kotu zai tafi, matarsa Asibi ta ce, "Maigida, wa ka taɓa ji ya kai majalisa ƙara?"

"To, za a ji ni."

Ya tafi kotu da shaida ɗaya, Giɗaɗo, Bafillacen da ke sauka gonar dawarsa kowane rani shanu su yi masa taki.

Alƙali ya ce, "Takarda ta ce ba komai a wurin. Ina taka takardar?"

"Ranka ya daɗe, fartanya gare ni."

Aka yi dariya, shi bai yi ba.

Giɗaɗo ya ce, "Allah gafarta malam, shekara shida shanuna na yawo ko'ina a gonakin mutumin nan. Wurin nan kaɗai yake bi na da sanda. Ana korar saniya daga filin banza?"

Ran Talata alƙali ya zo gonar da kansa a kan keke, magatakarda na biye. Kumai ya ce wa magatakarda, "Malam, kai ka nuna inda zan sara, kada a ce ni na binne."

Magatakarda ya nuna gindin turke. Sara ɗaya, sai ga citta manya-manya, ƙamshi ya tashi. Ya matsa can nesa ya sake nunawa. Nan ma haka. A wuri na huɗu ya daina nunawa.

Alƙali ya ce ba shi da ikon hana tasha, amma takardar nan ba gaskiya ta faɗa ba, sai a sake awo.

Da aka sake, tasha ta koma tsallaken hanya. Taku goma kawai aka ci daga bakin gonar, don motoci su samu wurin juyawa. Kumai bai so ba, amma ya tone cittar wurin da hannunsa, Asibi na kwashewa a kwando, ba su bar ko ɗaya ba.