Littafin Darar Ɗanliti

Ranar wata Juma'a, bayan an gama shigar da dawa rumbu, aka kawo littafin daga Kano. Daga ranar Ɗanliti bai sake zama a bakin dara ba.

Kwali biyu ne, ɗansa Kamaruddeen ya ɗauro su a bayan babur daga Bici. Malam Nababa aka bari ya fara buɗewa, don shi ya yi wahalar gyaran. Ya zaro kwafi ɗaya, ya juya shi gaba da baya, ya ga sunan marubuci ya fita da lanƙwasarsa cif a kan harafin farko, ya ce, "To, yau dai masu inji sun ji tsoron Allah."

Malam Nababa tsohon hedimasta ne. Shekara talatin da biyar ya yi a gaban allo, ya kuma karanta littattafai fiye da duk wani mai rai tsakanin Bici da Bagwai. Abin da ya tsira da shi daga karatun nan shi ne ido mai ganin laifi. In aka kawo masa katin ɗaurin aure, sai ya zagaye kurakuran ciki da jan biro kafin ya duba ranar. Ko takardar da aka miƙo masa a asibiti ranar da matarsa Asiya ta rasu, sai da ya lura an rubuta sunanta ba daidai ba, ya gyara a tsaye, sannan ya fita waje ya yi kuka.

Shi kuwa Ɗanliti manomi ne, gero da gyaɗa, bai taɓa shiga aji ba, allo ya yi. Amma a dara babu kamarsa. Daga Shanono ake tasowa takanas a zo a sha kashi a hannunsa a gindin durumin ƙofar gari, a koma ana ba da labari. Tare suka tashi da Nababa, kuma shi kaɗai ne a garin yake iya mayar masa da magana. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya zauna damina biyu ya rubuta wasanni arba'in da ajami a cikin wani littafin 'yan makaranta. Kowane wasa da zanensa: rami talatin, jere biyar, shida-shida, da'ira tana nufin tsakuwa, karan tsaye yana nufin tsinke. A ƙasa kuma bayani, ɗauki wannan, matsa shi can, ga yadda za ka jera uku ka ci.

Ranar da ya kawo shi ya ce, "Hedimasta, ga iyakar abin da na sani. Mayar mini da shi irin rubutunku, tunda mutanen yanzu ba sa karanta namu."

"Kai ne za ka zama marubuci? Kai da in an ba ka jarida sai ka riƙe ta kai a ƙasa?"

"Kai da kake riƙe ta daidai, me ka taɓa rubutawa?"

Malam Nababa ya miƙa hannu. Ya karɓi littafin.

Da Asiya suka yi aikin, don ta fi shi sauri a ajami. Kullum da hantsi sai ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana karantowa, shi yana rubutawa. In sun gama wasa ɗaya, sai ta tona 'yan ramuka a ƙasa da gindin muciya, ta ɗebo wake da gyaɗa, ta buga wasan daga farko har ƙarshe ta ga ya fita. Yakan ce mata ɓata lokaci ne. Takan ce, "Malam, kai bi waƙafinka, ni bar ni in bi wasan."

Tsakiyar damina zazzaɓi ya kama ta. Kwana huɗu ta yi. Lokacin an gama bayanin wasannin kaf, zane ne ya rage.

Bayan an yi arba'in ya koma wa aikin shi kaɗai, don gidan ba shi da wani abin da zai ba shi sai shiru. Ya sake zana duk hotunan da rula, kowane rami a inda Ɗanliti ya sa shi. Ya ga zanen Ɗanliti babu lamba a kan ramukan, ya ɗauki wannan a kan ragwancin wanda bai yi boko ba, ya bi ya rubuta musu ɗaya zuwa shida a sama, yadda ya saba yi a allo tun yana saurayi. Sau uku kwafin gwaji ya je Kano ya dawo. Ya tsamo kurakurai ɗari uku da goma sha biyu: inda aka cinye lanƙwasa, inda aka raba kalma ɗaya biyu, inda aya ta ɓace. Dubawar ƙarshe ma daga shafin ƙarshe ya faro, kalma-kalma yana yo baya, don kada ma'ana ta ɗauke masa hankali daga haruffa. Wannan dabara ce da yake alfahari da ita.

To, ranar Juma'ar nan bayan la'asar aka taru a gindin durumi, har da waɗanda ba su san dara ba. An shimfiɗa wa Ɗanliti buzu. Ya sa farar rigarsa ta Sallah, yana riƙe da kwafi ɗaya a cinya yana shafa bangon, tunda ba ya ganin komai a kai sai duhu-duhu.

Liman ya yi addu'a. Wani ya tambaya ko masu bugawa ba su yi ɓarna a ciki ba, kamar yadda suka saba.

Malam Nababa ya ce, da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Sau uku na bi shi. Duk wanda ya samo kuskure ɗaya a littafin nan, in cire hular kaina in ba shi."

Abdulkabir mai shagon cajin waya ya ce a gwada. Magidanci ne, ya iya karatu, kuma shekara goma yana neman ya ci Ɗanliti ko sau ɗaya bai samu ba. Ya tsuguna a bakin ramukan, ya jera tsakuwa da tsinke daidai da zanen farko, ya karanta: "Ɗauki tsinken da ke jere na uku, rami na biyu, ka matsa shi rami na uku."

Ya duba lambobin da ke saman zanen, ya miƙa hannu. Rami na biyu babu komai a ciki.

"Baba, wane tsinken? Ko na aljanu ne?"

Aka yi 'yar dariya. Aka ce ya gwada na gaba. Ya sake jerawa, ya karanta, ya miƙa hannu, sai ga shi a kan tsakuwar abokin wasa. Na uku ma haka.

Abdulkabir ya zauna daɓas a ƙasa, ya riƙe kai. "Jama'a, yau na gane. Ashe a darar Baba har da 'ya'yan abokin wasa ake tafiya! Shi ya sa shekara goma ina shan kashi!"

Wuri ya ɓarke. Aka shiga wartar littafin hannu zuwa hannu, kowa yana son ya gani da idonsa, har wanda bai san bihim ba. Cikin hayaniyar nan Ɗanliti ya sauko daga buzunsa, ya laluba da tafin hannu har ya samu jere na uku. Ba wanda yake kallonsa sai Malam Nababa. Ya ɗora yatsa a ramin da ke ƙarshen hannun dama, leɓensa ya motsa: ɗaya. Ya matsa hagu: biyu. Yatsan ya sauka a kan tsinke.

Nan Malam Nababa ya gane. Mutumin da ya yi allo daga dama yake fara komai, karatu da rubutu da ƙirga. Asiya ma daga dama take ƙirga ramukanta na wake da gyaɗa, shi ya sa wasan yake fita a hannunta. Shi ne ya zo da rularsa ya dasa lambobi daga hagu a kan zane arba'in.

Ɗanliti ya daɗe da yatsa a kan tsinken. Ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji muryar Nababa ɗazu. Sannan ya janye hannu, ya share shi a jikin farar rigar.

"Ku bar wahalar da kanku," ya ce. "Tsufa ne. Hedimasta abin da na ba shi ya rubuta."

Ya nemi sandarsa. Kamaruddeen ya kama masa hannu suka tafi. Malam Nababa yana tsaye, hularsa a kansa.

Abin da ya fara ji da ya koma gida ba kunya ba ce, haushi ne. Wa ya roƙi Ɗanliti ya rufa masa asiri? Ya ɗauke shi maraya ne, da matarsa ta mutu ba abin da ya rage masa sai jan biro? Ya kwana biyu yana wannan faɗan shi kaɗai a tsakar gida. A rana ta uku ya yarda cewa haka ɗin ne.

Gari kuwa bai tsaya bincike ba. Mutane ba sa tona abin da ya ba su dariya. In wani ya yi wauta a dara, sai a ce ya karanta littafin Baba. Mai ƙosai ta samu takardar naɗe ƙosai. Kwali ɗaya ma ba a buɗe shi ba, yana zauren Ɗanliti, kaji suna kwana a kai.

Malam Nababa ya yanke shawarar zai rubuta takardar gyara, a buga, a liƙa a cikin kowane kwafi, ya kuma karanta ta da bakinsa a gindin durumi. Layi uku ne kacal. Ya rubuta, ya ga kalmar "kuskure" ta yi sauƙi, ya sa "ganganci", ya ga ta yi nauyi, ya soke. Ya yi mako yana tunanin ko sunansa zai zo a farkon jimla ko a ƙarshe. Mutumin da ya gyara littafi guda cikin wata biyu, ya kasa gama layi uku.

Sau biyu ya je gidan Ɗanliti da takardar a aljihu. Ya same shi a zaure, ya rame, yana ɓare gyaɗar iri da hannu.

"Hedimasta, kai ne? Na gane takun. Kamar mai zuwa dukan ɗalibi."

"Na zo ne a kan maganar littafin nan."

"Wane littafi? Zauna ka taya ni ɓara. Bana gyaɗar ta yi ƙwaya, sai dai ɓera."

Ya zauna ya yi ta ɓara har aka kira magariba. Zuwa na biyu ma hirar ɓera aka yi, da ta rijiyar da ta ƙafe. Duk sanda ya buɗe baki, sai Ɗanliti ya riga shi da wata maganar. Shi kuma, gaskiya, bai yi wani ƙoƙarin ƙwace maganar ba.

Sai ya ce wa kansa ba zai fitar da takardar gyara ba sai ya tabbatar babu wani kuskuren a ɓoye. Ya tona ramuka talatin a tsakar gida da yatsa, ya ɗebo wake da gyaɗa. Kullum da hantsi wasa ɗaya ko biyu, yana ƙirgawa daga dama. Da fari yana bi ne kamar mai duba jarrabawa. Wajen wasa na goma ya fara tsayawa kafin ya karanta layi na gaba, yana ƙoƙarin ya hango abin da Ɗanliti zai yi, kuma bai taɓa hangowa ba. A na ashirin da bakwai, inda ake ba da 'ya'ya biyu da gangan don a toshe abokin wasa a kusurwa, ya tsinci kansa yana dariya shi kaɗai, har maƙwabciya ta leƙo ta kan danga. Rabonsa da dariya tun damina.

Ranar wata Talata ya gama na arba'in. Ya wanke hannu, ya sa riga, ya ɗauki takardar, bai ko sake duba ta ba. Tun daga kwanar masallaci ya hango tabarmi a ƙofar gidan Ɗanliti. Ashe tun Lahadi numfashi ya tsananta masa, Kamaruddeen ya tafi da shi Kano, da safen nan aka dawo da gawa. An aiko gidan Malam Nababa sau biyu, yana can ciki a tsugune a kan wake da gyaɗa, bai ji sallama ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, ana zaune, Abdulkabir ya ce a hankali, "Allah ya jiƙan Baba. Da ma bai yi littafin nan ba, da sunansa ya tafi lafiya."

Malam Nababa ya miƙe. Ya cire hularsa, ya ajiye a gaban Abdulkabir, ya zaro takardar ya karanta layi ukun. Ya ce a ƙirga ramuka daga dama. Ya ce shi ya sa lambobin.

Liman ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Zauna, Malam." Abdulkabir ya kaɗe hular ya miƙo masa da hannu biyu, bai iya ɗaga ido ba. Wasu baƙi daga Shanono suka iso, aka shiga gaisuwa, aka ɗaga hannu aka yi fatiha, maganar ta bi iska.

Ya zauna. Wannan ba ita ce maganar da ya fito da ita daga gida ba. Laifin lambobin, Ɗanliti ya san shi tun ranar Juma'ar nan, bai kuma buƙaci a faɗa masa ba. Abin da Malam Nababa ya zo da shi jimla ce da bai taɓa faɗa wa wani marubuci ba, rayayye ko matacce, kuma tun daga ƙofar gidansa yake maimaita ta a baki don kada ya gyara ta a hanya: Ɗanliti, na buga su duka arba'in ɗin, ban samu kuskure ko ɗaya ba.