Ɗigon Yaya Kande

Daren jiya na yi wani mafarki. Na gan ni a wani ɗaki mai faɗin filin idi, kwamfutoci dubu a jere, an haɗa su sun zama na'ura ɗaya. Ruwan sama yana tasowa daga ƙasa yana hawa rufi, yana sanyaya su. Shugaban wurin wani bunsuru ne mai tabarau.

"Malam Sallau, kai mai koyar da labarin ƙasa, zo ka ga taswira ta gaske," in ji shi.

Garinmu ne a bango, kowane mutum ɗigo mai haske. Na'urar tana bin sawun kowa na shekara talatin: wa ya je kasuwa, wa ya yi ƙaura, da yaushe. Ga ɗigona yana kai-komo tsakanin gida da makaranta. Na nemi na yayata Kande, wadda ta raine ni, wadda shanyewar ƙafa ta zaunar a ɗaki shekara tara. Nata ya dusashe.

"Ranka ya daɗe, wannan fa?"

"Ba ta motsi. Na'ura ba ta ƙirga wanda ba ya motsi. Da an gama lissafi za a share ta."

"Daga taswira?"

"Daga ko'ina," ya ce, yana tauna takarda.

Na yi masa bayani a tsanake, kamar yadda nake wa ɗalibai, cewa mutum mutum ne ko yana zaune. Ya ce ban ɗaga hannu ba kafin in yi magana.

Sai ga ni a gida, rana tsaka. Na goya Yaya Kande na fita da gudu, don na'urar ta ga ta motsa. Amma tituna sun zama ranaku. Na bi Laraba, ta kai ni Talata. Na sha kwana, na faɗa shekarar bara. Ƙugin kwamfutocin yana biye da mu.

"Auta, sauke ni, ka gaji," ta ce. "Ni ina za ni?"

Nauyinta yana ta raguwa a bayana. Ta koma kamar tulu, ta koma kamar ƙwarya. Na waiwaya, sai na hango katanga ta cikin fuskarta. Na buɗe baki in kira ta, sunan ya ɓace mini.

Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Na farka. Ita ce ke buga cokali a kwano daga ɗakinta, tana mitar an bar ta ba koko har rana ta fito. Na ruga wurinta, ko takalmi ban tsaya sawa ba.