Sammani a Layin Masu Ciki

Bayan Sammani tela ya gama karɓar maganin ciwon dajin maraina, likita ya tura shi ɗakin hoto a duba ƙwan da ya rage. A bencin jira shi kaɗai ne namiji, sauran duk mata masu ciki. Kunya da fargaba suka hana shi ɗaga kai.

Mai hoton ya daɗe yana kallon na'urar, sannan ya ce, "Malam, lafiya lau yake, babu komai."

A waje matarsa Sabuwa ta ga fara'arsa, ta ce cikin zolaya, "Maigida, mace ko namiji?"

Ya yi dariya har da ƙwalla. Daga nan suka wuce Ƙofar Kaura, ya buɗe shagonsa da ya yi watanni a rufe.