Tarwada a But ɗin Yaya

Asabar bakwai a jere Baba yana zuwa tafki yana dawowa da bokiti wayam. Bakwai fa! Mutumin da a da maƙwabta kan leƙo da kwanukansu tun kafin ya kashe mota. Ran ta bakwai ɗin ya shigo, ya jingine sandar fatsarsa a bayan ƙofa, ya zauna ko takalmi bai cire ba, ya ce, "In sati mai zuwa ma haka ne, na ajiye. Ku nemi wanda za ku ba wa kayan."

Ni ce autarsa, kuma na san halin Baba. Shekara talatin ya yi yana tuƙa bas, ba a taɓa jin ya faɗi magana ya janye ba. Abin da ya ɗaga min hankali shi ne, tun da Mama ta rasu, shi ma ya yi jinyar nan ta bara, fatsar nan kaɗai ke fitar da shi daga ɗaki. Sauran kwana shidan yana kan kujerar gaban taga, shi da rediyo, abinci ma sai na yi da gaske yake ci. Wallahi tsoro nake ji, in ya ajiye sandar nan kujerar ce za ta cinye min shi.

Na kira Yaya. Yaya mai gyaran firji ne, amma a gida Injiniya muke ce masa, don a wajensa babu matsalar da sayen sabon ƙarfe ba ya maganinta. Ya riga ya jibgo wa Baba sanda mai zugewa kamar eriyar rediyo, da injin naɗe zare, da wasu kifayen roba masu ƙyalli, da 'yar ƙararrawa da ake maƙalawa a kan sanda. Baba ya karɓi injin da ƙararrawar. Kifayen roban kuwa ya jujjuya su, ya ce wanda ya ƙera su bai taɓa zama da kifi ba.

"Akwai wata na'ura," in ji Yaya a waya, "tana nuna maka inda kifi yake a ƙarƙashin ruwa..."

"Don Allah rufe mana baki, Yaya. Kifi muke nema, ba hotonsa ba."

Shawarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Ran Juma'a da la'asar na rufe shagon abincina da wuri, na tafi gidan gonar kifi na zaɓo tarwada mai rai, jibgegiya, tsawon hannuna, da gashin baki kamar tsohon ɗan sanda. Mai gonar har ya ƙulla min ɗan abincinta a leda. Ta kwana a bahon wanke-wanke a bayan shago.

Da safe na leƙa ta, sai na ga tana ɗago kai tana buɗe baki tana rufewa. To ni sana'ata ciyar da jama'a ce. Ko kyanwar layi ce ta kalle ni haka sai na zuba mata wani abu. Na watsa mata ɗan kaɗan, ta lamushe. Na ƙara, ta lamushe. Na ce, "Ah, baiwar Allah, ashe yunwa kike ji," na juye mata ledar gaba ɗaya. Yaya ya zo muka ɗura ta a babban bokiti mai murfi, muka saka a but ɗin motarsa, muka rufe da tabarma.

Baba ya yi mamakin ganinmu mu biyu, don rabonmu da raka shi tafki tun muna makaranta. Ya ce, "Kun zo jana'izar fatsa ke nan." Yaya ya yi wata dariya mai yawa da ta kusa tona mana asiri, sai da na taka masa ƙafa.

Ga yadda Baba yake yi. Da an isa, zai tafi bakin ruwa shi kaɗai ya jefa ƙugiya, ya ɗora sandar a kan wani reshe mai baki biyu da ya kafa a taɓo, ya maƙala ƙararrawa. Sannan ya koma can nesa, bayan wasu bishiyoyi, inda yake kafa duronsa na kyafa nama. Wai takun ƙafa da hayaniya suna korar kifi. Duron tsoho ne, an fasa gindinsa, an sa ragar waya hawa biyu a ciki. Ranar haƙarƙarin rago ya zo da shi, ya kwana cikin gishiri da tafarnuwa da barkono. Ya tona ɗan rami, ya haɗa gawayi, da ya yi ja sai ya ɗora guntayen icen gwaiba da ya jiƙa, ya kifa duro, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen buhu.

"Hayaƙi ake so, ba wuta ba," ya ce da Yaya, wanda ya ɗauko kwali zai yi fifita. "Ajiye kwalin nan kafin ka mayar min da nama gawayi. In hayaƙin ya yi fari da kauri, ɗaci zai yi. Siriri ake so, mai ɗan shuɗi. Kai da aikinka sanyaya abu, me ya haɗa ka da wuta?"

Hakan muke so. Baba in ya tsuguna gaban duron nan, ko sama za ta faɗo ba ya waiwayowa. Na tsaya gadi ina yi masa surutu kan tsadar tumatir, Yaya ya sulale ya ɗauko bokiti ya yi bakin ruwa da shi, a duƙe kamar ɓarawon kaji.

Ina hango shi ta tsakanin bishiyoyi. Ya naɗo zaren, ya zura hannu cikin bokiti. Ashe Injiniya bai san tarwada tana da ƙaya a gefen wuya ba. Na ga ya yi tsalle, ya cusa yatsa a baki, yana rawa da ƙafa ɗaya ba sauti. Tarwada ta sulɓe ta faɗa taɓo, Yaya ya bi ta ya danne da ƙirji, da farar rigarsa. Ni kuma ga dariya ta taso min ga tsoro, na dinga tari ina cewa hayaƙi ne. Da ƙyar ya maƙala mata ƙugiya ya tura ta ruwa, ya dawo yana cewa santsi ne ya kwashe shi.

Ko minti biyu ba a yi ba, ƙararrawa ta hau kaɗawa.

Ban san Baba yana iya gudu ba sai ranar. Ya zubar da buhu, hula ta faɗi bai kula ba. Ya cafki sanda, ta lanƙwashe, zare ya yi ƙara. "Kai! Kai! Babba ce! Auta, bokiti! Kai Injiniya, matsa daga nan, kada ka taɓa min zare!" Ya sakar mata ta yi gudunta, ya naɗo, ya sake saki, yana yi mata magana kamar fasinja mai gardama. "Zo nan, hajiya. Zo mu sasanta." Sai da ta gaji ya jawo ta gefe. Baki har kunne, idonsa yana ƙyalli. Rabon da in ga fuskar nan tun Mama na da rai, sai da na juya baya na share ido.

Muka kai ta wajen duro muna ta yi masa kirari. Ya shimfiɗa ta kan katako, ya zaro wuƙa.

"Yanzu za mu ji gaskiya," ya ce. "Kifin farko shi ke gaya maka abin da 'yan'uwansa suke ci. Ka duba cikinsa, ka san abin da za ka sa a ƙugiya."

Na yi wuf na miƙa hannu. Na ce, "Baba, kawo in gyara, ai aikina ne."

"Ke kin san girki, ni na san kifi."

Ya farke cikin. Jama'a, sai ga karin kumallon da na ba ta, tuli guda, ƙwayoyi masu ruwan ƙasa, duk girmansu ɗaya, wasu ko narkewa ba su gama yi ba. Baba ya ɗauki guda a bakin wuƙa, ya kai kusa da ido, ya shinshina. Ya dubi taɓon da ke ƙirjin Yaya, ya dubi yatsan da ya kumbura. Ni dai na so ƙasa ta tsage in shige.

"Ikon Allah," ya ce. "Tafkin nan ya ci gaba. Yanzu kifayen har kanti suke zuwa sayayya."

"Wai abinci kika ba ta?" Yaya ya hayayyaƙo min. "Ke wace irin mutum ce? Kifin da za a yanka da rana!"

"To yunwa take ji! Kai da ka kasa riƙe ta sai da ka yi kokawa da ita fa?"

Baba ya zauna a kan kututture ya dinga dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce a wanke ta, a shafe ta da gishiri, a ɗora a ragar ƙasa, ba a wasa da abinci. Sannan ya goge wuƙa a wandonsa. "Na gode, Allah ya yi muku albarka. Amma wannan ba tawa ba ce. Maganata tana nan, in rana ta faɗi ban kama ba, na ajiye."

Ya ɗauki gwangwanin tanarsa ya koma bakin ruwa. Na ba shi ɗan lokaci, sannan na bi shi in ba shi haƙuri. Taɓo ne, bai ji takuna ba.

Yana tsugune, ƙugiya a hannun hagu, tanar kuma a na dama. Hannun daman rawa yake yi. Ya kai tanar bakin ƙugiya, ta kuɓuce ta faɗi. Ya ɗauka, ya sake, tsinin ya soke shi a babban yatsa. Sai a lokacin na lura yatsan duk ƙananan tabo ne. Karo na huɗu ya tsaya yana kallon ƙugiyar, ya mayar da tanar gwangwani, ya miƙe zai jefa ta haka nan, ba komai a jikinta.

Na riƙe sandar. "Baba, tun yaushe?"

Bai kalle ni ba. "Da na tashi daga jinya ina ɗan iyawa. Wata biyu ke nan ya ƙi. Tuƙi ina yi, sanda ina riƙewa. Wannan ɗan abin ne kawai."

Yaya ya iso bayana, ya ce a hankali, "Ɗazu ma da na jawo babu komai a jiki. Na zaci ƙananan kifi ne suka cinye."

"Haba Baba," na ce cikin haushi da tausayi, "wata biyu kana zuwa nan kana jefa ƙarfe tsirara? Me ya hana ka faɗa?"

"In ce me? Ku bar ayyukanku ku zo ku sa wa ubanku tana?"

Ni fa a duniya babu abin da nake ƙyama irin tana. Zan fige kaza ashirin, zan wanke hanjin saniya, amma abin nan mai santsi ko a hanya na gan shi sai na tsallake. Na zura yatsu biyu cikin gwangwanin, na kwarma ihu, na yar, na sake ɗauka.

"Daina ihu, za ki kore su," in ji Baba. "Ta kai ake farawa. Tura ta ta bi lanƙwasar. Yawwa. Ɓoye tsinin, ki bar jelar tana motsi, motsin ne ke kiransu. Kai Auta, ba cin ki za ta yi ba."

Ya jefa da kansa, can kusa da ciyawar ruwa. Sau uku aka cinye tanar, sau uku na sake sa wata, Yaya yana can yana gadin duro da umarnin kada ya taɓa komai. Rana ta yi ja sosai sannan ƙararrawa ta ɗan motsa. Baba ya fizga, ya naɗo wata 'yar karfasa, faɗinta bai wuce yatsa uku ba. Ya ɗaga ta sama ya daɗe yana kallonta.

Mun ci haƙarƙarin a wajen, yana zarewa daga ƙashi da kansa. Da muka gama loda kaya Baba ya saka sandarsa a mota, ya zagayo inda nake zaune, ya ɗora min gwangwanin tana a cinya.

"Ki riƙa yayyafa musu ruwa, ki ajiye su a inuwa," ya ce. "Sati mai zuwa za mu gwada ɗaya gefen."

Har muka isa gida ina jin motsinsu ta jikin gwangwanin, ban sauke shi ba.