Yayen Saude

Saude tana da shekara biyu ba wata uku kakarta Tani ta zo rugar ubanta Jibo da ke bayan Falgore, ta goya ta, ta hau motar kiyakiya sai Karaye. Yaye ke nan. Magana ɗaya ta bar wa 'yarta Baraka, uwar yarinyar: "Kada in ga ƙafarki a gidana sai nonon nan ya ƙafe. In ta ji ƙanshinsa a jikinki, aiki ya koma baya."

Baraka ta ce to. Me za ta ce? Saude 'yar fari ce, kuma a danginsu uwa ko sunan 'yar fari ba ta kamawa, balle ta yi kukan rabuwa a gaban surukai. Sai ta ɗauki ƙwarya ta shiga garke kamar ba a yi komai ba.

To, baki ya san kunya, jiki kuwa ba ruwansa. Sati shida aka yi nono bai ƙafe ba. Tana zaune tana sayar da fura a kasuwar Rogo, jaririn wata ya tsanyara kuka can wajen masu gishiri, sai ta ji tsam a ƙirji, kafin ta ankara gaban riga ya jiƙe. Abokiyar tallanta Adama ba ta raga mata.

"Ke kam da ƙwarya biyu kike zuwa kasuwa," in ji Adama, "ɗaya a ka, ɗaya a ƙirji."

Baraka takan yi dariya ta ja mayafi. Amma kewar yarinyar tana cin ta.

Da jiƙe-jiƙen tsofaffi suka gaza, ta je ɗakin shan magani na garin, wajen Malama Jamilatu mai duba mata masu ciki.

"Ba ciwo ba ne," in ji Malama. "Ke da kike tatsa, saniya tana sakin nono in ba a kawo mata maraƙinta ba?"

"Ba ta yi, Malama."

"To haka ɗan Adam yake. Kunne ya ji kuka, jijiya ta kai labari ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta zuba wani sinadari cikin jini, jini ya kai saƙo ƙirji. Ko tunaninta kawai kika yi, sai ya sauko. Kina matsewa?"

"In ya dame ni da zafi."

"Ki daina. Duk abin da kika fitar, jiki mayar da shi yake yi. Ki ɗaure da zane ki ƙyale shi. Akwai wani abu nata a wajenki?"

Baraka ta sunkuyar da kai. "'Yar rigarta. Ban wanke ba."

"Ki ba wani ya ajiye."

Wannan wace irin hanya ce, sai ka manta da mutum sannan a bar ka ka gan shi? Amma Baraka tana son ganin 'yarta, don haka ta bi. Ta ba Adama rigar. Ta canja wurin zama a kasuwa, nesa da masu goyo. In fuskar yarinyar ta faɗo mata a rai, sai ta shiga kiran sunayen shanun Jibo ɗaya bayan ɗaya har ta wuce. Kwana ashirin tana wannan yaƙi, rannan ta kwance zanen ta tarar da shi a bushe.

Washegari ta dunƙula man shanu, ta sayi 'yan awarwaro, ta nufi Karaye. Tun daga tasha take sauri kamar ana korar ta.

Ta yi sallama, ta durƙusa ta gai da Tani. Ga Saude can bakin murhu, ta yi kumatu, tana riƙe da ludayin koko. Yarinyar ta dubi baƙuwa, ta ja da baya, ta yi tuntuɓe da kujera ta faɗi, ta fashe da kuka.

Kukan da Baraka ta sani ne, bai canja ba ko kaɗan. Ta tsaya tana jiran tsam ɗin nan a ƙirjinta. Shiru. Sai ta manta da kunya, ta miƙa hannu biyu.

Saude ta tashi, ta kewaye ta, ta je ta cusa fuska cikin zanen kakarta.

"Alhamdu lillahi," in ji Tani, tana shafa kan yarinyar cike da jin daɗi. "Kin gani ko? Yaye ya yi kyau. Ko kallonki ba ta ƙara ba."

"Ya yi kyau, Inna," in ji Baraka.

Ta sauke hannuwanta, ta rasa inda za ta sa su.