Gorar Tudu, Gorar Teku

…to, yau dai za a ceci teku. Da zarar an gama shan shayi.

Magrieta tana tsaye a rumfar tankuna, hannunta cikin ruwa. Ɗumi. Ruwan da ya kamata ya sandarar da yatsu, ga shi kamar na wankan jariri. Injin sanyaya shi ya mutu, 'ya'yan ciyawar tekun da ta shuka a kan tsakuwa suna bin sa ɗaya bayan ɗaya. Tun bara take renon su, don a zuba su a gaɓar da ɗumin teku ya cinye dajin ƙarƙashin ruwa. Ga wari. Ruɓaɓɓen ƙwai… a'a, ƙwai ya fi wannan mutunci.

Inji. Inji kawai za a roƙa. Kalma ce mai wuyar faɗa?

Amma wa aka ba wayar ya kira masu ba da agaji? Oom Kerneels, ƙanin mahaifinta, shugaban kwamiti don shi kaɗai ke da kwat. "Bamboes ɗinmu na mutuwa, ku taimaka!" Bamboes. Gora. Haka kowa a garin nan yake kiran ciyawar tun kaka da kakanni, don karanta dogo ne mai rami a ciki. Ita ma haka take kiranta, duk digirinta bai hana ba. Mutanen Johannesburg kuwa, bayin Allah masu kirki, da ba su san teku ba sai na kalandar bango, sun ji gora, sun kawo gora. Ta tudu. Mota maƙil, kowace a ledarta, da ɗan koren ƙyalle a wuya.

Tana yarinya: Pa, mahaifinta, a kwalekwale, yana ture kawunan ciyawar da filafili, yana zaginsu sun tare masa hanya… har zaginsu ake yi a lokacin, don yawa. Ita a bakin ruwa tana busa busasshen kara kamar ƙaho, Ma, mahaifiyarta, na cewa sai ta tashi matattu. Yanzu ƙasan wurin dutse ne tsirara, sumul, kamar kan Oom.

Tafi a waje. Wa ake tafa wa? Gorar?

Ɗazu ta ja shi bayan mota. "Oom, ka faɗa musu mana." "Haba 'yata, mutane sun sha hanya. Har kek suka kawo. Ke da bokonki, ba za ki iya ɗan… saba mata da ruwan tekun ba?" Saba mata. A hankali ke nan, yau zuwa gwiwa, gobe zuwa ƙugu.

To ita fa, me ya ɗinke mata baki? Ta karɓi kek ɗin, ta ce an gode, ta ci — ta ci! Ladabin garin nan. Tir.

Tana ɗago tsakuwa ɗaya. Ganyen yana saɓulewa a yatsunta kamar majina. Ta biyu, haka. Tankin ƙarshe da saura, ƙila — in inji ya zo yau. Daga ina? In ta fita ta faɗa, kunya ta kama su, su tafi ba waiwaye. In ta yi shiru kuma…

Ƙofa. Shugabar baƙin ce, hannu a hanci, murmushi a bayan hannun. Wai a fito a ɗauki hoto. Kuma akwai abu ɗaya tak da ya kamata Dokta Magrieta ta kiyaye wajen shukar.

Magrieta tana goge hannu a wando. Ta gaji. Tana saurare.

Wai gorar ba ta son gishiri.